Rabin Iri

Talata, bayan la'asar, a ofis

Yau aka ƙaddamar da sabon tsarin hasashen yanayi. An yi jawabi, an yi tafi, an raba lemo da cincin, baƙin da suka ba da tallafi sun ɗauki hoto da Oga a gaban kwamfutar da ba su san me take yi ba.

Shekara da shekaru ina kan abu ɗaya, koya wa kwamfuta yadda hadari ke haɗuwa. In Baba ya tambaye ni aikina haka nake ce masa, shi kuma ya ce, "To Allah Ya sa ta iya." Ita kwamfutar ta yanka sararin sama gida-gida kamar gonakin garinmu, sai dai kowane gida ya fi hadari girma, don haka ba ta ganin hadari ɗaya-ɗaya. Dole a rubuta mata ƙa'ida: in zafi ya kai kaza, danshin iska ya kai kaza, iskar sama ta juya kaza, to ki ɗauka hadari ya haɗu, ki zubo ruwa. Wannan ƙa'idar ni na rubuta ta. Gwada ta kuma aikin abokina Muntaka ne. Shi zai mayar da ita shekarun baya, ya duba ko ruwan da ta ce za a yi ya dace da wanda ma'aunan ƙauyuka suka kama.

Abin da ke damuna ƙasa ce, ba sama ba. Tsarin ya ɗauka in an yi ruwan farko, ƙasa za ta riƙe danshi ta riƙa mayar wa iska, hadari na biyu ya samu abin tashi. A ƙasar laka haka ne. Amma tamu ta arewacin Kano rairayi ce, ta shanye ruwa, kwana biyu ta bushe ƙayau kamar ba a yi ba. Tun watan jiya na ce wa Muntaka ya gwada mini da shekarun da damina ta yi yaudara, ta sauka ta ɗauke. Yau kafin a shiga taro na tare shi a bakin ƙofa.

"Ka gwada na arewan?"

"Na gwada, Ɗahiru. Lafiya lau."

"Har da Bici da Watari?"

"Haba, sai ka ce ba ni ba. Ƙasar ubana ce fa ita ma. Kwantar da hankalinka."

Na kwantar. Mutumin da muka ci kwano ɗaya tun makarantar kwana, wanda ya yi mini abokin ango, in bai isa ya kwantar mini da hankali ba, wa ya isa?

Alhamis, da hantsi

Oga ya tura ni gidan rediyo. Wai Hausata ta fi ta kowa fita, kuma ni ɗan manomi ne, za a fi jin maganata. Da Muntaka aka ce mu tafi, sai ya ce mura ta shaƙe masa murya. Da safen nan kuwa na ji shi yana faɗa da mai gadi a kan wurin ajiye babur, muryarsa garau.

Na faɗi abin da tsarin ya nuna: damina za ta sauka da wuri a bana, kuma in ta sauka za ta zauna. Na ce hasashe ne. Na ce in Allah Ya so. Na tabbata na faɗi duka biyun.

Asabar, bayan magariba, a gida

Kuɗin mota ya sa na daɗe ban zo ba. Gari ya rame. Ba mutum ɗaya ba, garin gaba ɗaya. Tunda mai ya tashi komai ya bi shi, taki ya fi ƙarfin kowa, an koma jidar na dabbobi a mangala kamar zamanin kakanni. A gidanmu rumbu ya yi ƙasa har in ka yi magana a bakinsa sai ta dawo maka. Garin kwaki ake jiƙawa da rana. Inna Hure ta ɓoye kwanon da ta ji sallamata, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Amma damin iri yana nan a rataye a ɗakinta, ko zangarniya ɗaya ba ta bari an taɓa ba. Irin Kaka muke ce masa. Gero ne mai saurin nuna, da shi kakanmu ya fitar da gidan nan daga babban farin da tsofaffi ke ba da labari, kuma tun daga nan ba mu taɓa sayen iri a kasuwa ba. Baba ba ya ba kowa. Sau ɗaya ya karya wannan doka, ranar bikina, da ya auna wa Malam Nababa, mahaifin Muntaka, ya ce tunda 'ya'yansu sun zama ɗaya, gonakinsu ma su zama ɗaya.

Al'adar Baba ba ta canzawa. In ruwan farko ya sauka, sai ya raba iri biyu, ya shuka rabi, ya ɗaure rabi ya rataye, har sai damina ta nuna da gaske take. Garin kuma sungumin Baba yake kallo. In ya fita a fita, in ya raba a raba.

Ɗanliti, taubashina, ya tare ni a ƙofar masallaci. "Ga malamin hadari! Mun ji ka a akwati. Ka ce wa injin naka ya ƙara mana da kifi in zai zubo." Na ce masa kifin sai mai lada, shi ko kwaɗo ba zai samu ba. Aka yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ashe haka ake ji in an san da zamanka a garinku.

Bayan mun ci abinci Baba ya ce, "Maganar da ka yi a rediyo, ta aiki ce ko ta gida?"

Na ce, "Ɗaya ce, Baba."

Can ya ce, "In da mutum zai zuba duka a ruwan farko, da yaran nan sun samu tumu da wuri. Yunwar tsakiyar damina nake tsoro. Bana ba mu da abin tarar ta."

Talata, da sassafe

An yi ruwa! Ranar da tsarin ya faɗa, kusan lokacin da ya faɗa. A ofis har da kabbara. Oga ya dafa kafaɗata a gaban kowa.

Talata, da azahar

Baba ya kira. Ya ce ya tona da hannu, ruwa ya kai shuka. Sannan ya ce, "Rabi ko duka?"

Na rufe wayar da tafin hannu na dubi Muntaka. Teburinsa yana kallon nawa. Na ce, "Baba ne, yana tambaya ko ya zuba duka." Bai ɗago daga kan kwamfuta ba. Ya ce, "Ai ka ga abin da tsarin ya nuna."

Na ce wa Baba duka.

Laraba, bayan la'asar, a gida

Na ɗauki hutun yini na zo shuka. Baba a gaba yana sara da sungumi, mu a baya muna zubawa muna rufewa da diddige. Ƙasa sanyi ƙalau, ga ƙamshinta. Gonakinmu a manne suke da juna, gamba ce kaɗai ta raba, don haka duk wanda ke tasa gonar ya ga Baba ya kife ƙwaryar iri ya kakkaɓe ta. Kafin la'asar kowa ya koma gida ya kwance rabin da ya ɗaure.

Da safe, da ake sussukar damin, Inna ta ce, "Auta, ko cikin tafin hannu ba za a bari ba?" Na yi dariya na ce, "Inna, zamani ya zo." Ta juye.

Lahadi, da hantsi

Gero ya tsiro. Ɗanliti ya turo mini hoto, layi-layi, kore shar. Ya rubuta a ƙasa: "Saura kifin."

Laraba, bayan la'asar

Rana. Tsarin ya ce jibi.

Juma'a, bayan masallaci

Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi iska, ya tafi da kwanon rufin wasu, bai zubar da ko ɗigo ba. Tsarin ya ce jibi.

Litinin, da azahar

Jibi.

Na ce wa Muntaka ya ba ni sakamakon gwajin arewan in duba da idona. Ya ce yana cikin na'urar da ta samu matsala ranar da wuta ta ɗauke. Na ce to ya faɗa mini da baki, shekarun yaudarar nan nawa tsarin ya gane. Ya ce ba zai iya riƙe komai a ka ba. Muntaka, wanda har yau yake riƙe da makin da na ci a lissafi a aji uku don ya riƙa yi mini gori.

Ba na son abin da zuciyata ta fara raya mini.

Laraba, da yamma

Ba dizal, janareta a kashe, babbar kwamfuta a kashe. Duk yini muna zaune muna fifita da takardu, mu masu hasashen sama, ko tagar da za mu ga saman ba mu da ita sai ta banɗaki.

Baba bai kira ba. Da ya kira ya yi faɗa da ya fi mini.

Juma'a, da la'asar

An kawo mai. Na yi abin da ya kamata a ce wani ya yi tun tuni. Na ɗauki tsarin, ban taɓa komai nasa ba sai abu ɗaya, na ce masa ƙasar arewacin Kano rairayi ce, ba laka ba. Na sake shi ya yi lissafinsa daga ranar ruwan farko.

Ruwan ya ɓace. Duk jibin nan da yake ta yi mana alkawari, babu ko ɗaya. Danshin da yake gina hadarinsa da shi babu shi a duniya, a cikin kwamfuta kaɗai yake. Na mayar da shi shekarun baya, shekarun yaudara, tsohon lissafin ya faɗi a kusan dukkansu. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya gwada sau ɗaya zai gani, ko da ido ɗaya yake kallo.

To ko dai Muntaka bai gwada ba ya ce ya gwada, ko kuma. Ba zan rubuta ɗayan ba.

Na shiga wurin Oga. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce aiki ya yi kyau, in rubuta, za a duba a gyara na baɗi. Na ce mutane fa, a koma rediyo a faɗa musu, wanda bai shuka ba ya dakata. Ya ce kada in tayar da hankalin jama'a, masu tallafi suna kallo, kuma ruwa na Allah ne. Da na kai ƙofa ya ce, "Ka tuna dai, Ɗahiru, ƙa'idar taka ce, muryar da aka ji ma taka ce."

Na gane. Hannunka mai sanda ya yi mini.

Asabar, da hantsi

Barira ta ce na daina cin abinci, na daina yi wa yara wasa. Matata ba ta da yawan magana, amma in ta ajiye kwano da ƙarfi na san na kai ta bango. Ta ce jiya ta haɗu da matar Muntaka a gidan suna, ana ta yi mata murna, wai an sa sunan mijinta cikin masu tafiya kwas ƙasar waje, masu tallafin ne za su kai su. Ta ce, "Bai faɗa maka ba?"

Na ce ya faɗa mini, na manta ne.

Litinin, da hantsi, a gida

An fita roƙon ruwa. Maza, mata, yara, har da awaki. Mun tsaya a filin idi, liman ya yi addu'a har muryarsa ta karye, muka juya rigunanmu. Na tsaya a sahu kamar kowa. Na dama da ni ya bar ɗan fili tsakaninmu, na hagu ma haka. Ba wanda ya ce mini komai. An gaishe ni, an tambayi iyali, an tambayi aiki. A kan aikin ne murya takan sauka.

Ɗanliti ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Ɗahiru." Tunda aka haife mu bai taɓa kirana Malam Ɗahiru ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Na je gona ni kaɗai. Geron ya murɗe, ya yi fari, in ka taɓa sai ya marmashe. Na tona rami-rami ko akwai ƙwayar da ba ta tsiro ba, wadda za ta jira. Babu. Iri ne mai kyau, duk ya tsiro.

Baba ya ce, "Haka Allah Ya so." Inna ba ta fito daga ɗaki ba. Igiyar da ake rataye damin tana nan tana lilo.

Litinin, bayan magariba, a Kano

Na dawo ta hanyar Watari. Da ban bi ta nan ba.

Talata, da safe

Ban je ofis ba.

Laraba, bayan azahar

Bari in rubuta ko zai bar ƙirjina.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ran Litinin ya ce hanyar Bici ta yi yashi, mu zaga ta Watari, ƙauyensu Muntaka. Hagu da dama abu ɗaya ne, gonaki sun yi layi-layi na mataccen gero, kowa ya ji rediyo. Sai ga gona ɗaya a tsakiya. Na san ta, na sha cin gyaɗa a cikinta muna yara. An share ta tas, an watsa taki, an gyara gamba. Ba saran sungumi ko ɗaya. Ba a shuka ta ba, ba rabi ba, ba kwata ba.

Na ce wa kaina wataƙila tsohon ba shi da lafiya. Sai ga shi a gindin ɗorawa yana tufka igiya, garau da shi. Na ce wataƙila yunwa ta sa sun cinye irin. To mai cinye iri ba ya wahalar kai taki.

Ɗan acaɓan ya ce, "Gonar Malam Nababa ke nan. Shi kaɗai ya ƙi shuka. An yi ta yi masa dariya, yanzu ga shi."

Na ja hulata na rufe fuska na ce ya ƙara wuta.

Alhamis, da la'asar

Na jira har ofis ya watse, saura ni da Muntaka.

"Na bi ta garinku."

"Allah? Ka ga su Baba?"

"Na ga gonarsa."

Ya ci gaba da tattara takardunsa. "Ka san tsofaffin nan da taurin kai. Na yi na yi da shi ya ƙi."

Na tsaya ina kallonsa ko zai ɗago. Ya ɗago kuwa, ya dube ni tsakar ido, ya ce, "Ya su Inna Hure? Wallahi abin ya dame ni." Har da dafa ƙirji.

Na so in yarda. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kaina. Har na hau babur ina tsara masa uzuri, ina cewa ai Malam Nababa dama ba ya jin maganar kowa.

Asabar

Mai teburin da ke kallon nawa ya turo mini saƙon barka da Juma'a jiya, da hoton fure.

Litinin, da hantsi

Na gyara ƙa'idar. Aikin da bai fi na yini biyu ba. Yanzu tsarin ya san rairayi, ya san ƙasarmu ba ta riƙo. Na gwada da kaina, shekara bayan shekara, ban ba kowa ba. Ya nuna iskar kudu mai danshi tana matsowa da gaske, wannan karon daga sama abin zai zo, ba daga ƙaryar ƙasa ba. Ƙarshen mako, in Allah Ya so.

Wa zan faɗa wa? Na ɗauki waya na nemo lambar Baba, na ajiye.

Juma'a, bayan la'asar, a gida

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun kafin a sauko daga masallaci. Yara sun fita tsirara suna ihu. Manya suna tsaye a zaure suna kallo. Ruwan shuka ya zo, ba abin shukawa.

Wasu sun tafi kasuwar Bici neman iri. Abin da ake samu gauraye ne, ba wanda ya san asalinsa, mai sayarwa ma rantsuwa kawai yake yi. Ɗanliti ya sayar da akuyar matarsa ya sayo. Na ce wa Baba ni zan sayo mana. Ya ce, "To." Ko kallona bai yi ba. Sunguminsa yana jingine a bango, ruwan indararo yana zuba a kan ƙotar, bai ce a ɗauke ba. Ni na ɗauke.

Asabar, da hantsi

Ina shirin tafiya kasuwa sai muka ji sallama. Malam Nababa ne a kan keke, da ƙullin buhu a baya, taɓo har gwiwa. Baba ya shimfiɗa masa buzu a zaure, aka gaisa, aka yi barka da ruwa, aka jajanta. Ni ina tsugune a gefe.

Ya kwance buhun. Tun kafin ya buɗe sosai na gane ƙwayar. Baba ma ya gane. Ya sa hannu ya ɗebo, ya daɗe yana kallo.

Malam Nababa ya ce wa Baba, "Malam Dallatu, naka ne ya dawo gida. Tun ranar bikin yaron nan nake juya shi, ban taɓa gauraya shi da wani ba. Na raba biyu, ga rabi."

Baba ya ce, "Allah Ya saka da alheri. Allah Ya raba ka da wahala." Inna tana bayan ƙofa, na ji ta tana jan hanci.

Da ma ya tsaya a nan. Amma tsoho ne mai zuciya ɗaya, bai san yana ɗauke da komai ba bayan gero.

Ya ce, "Ai ba dabarata ba ce, Muntaka za a gode wa. Tun kafin a yi ruwan nan na farko ya kira ni, ya ce Baba, ko an yi ruwa kada ka kuskura ka zuba ko ƙwaya, na gwada lissafin nan namu, a ƙasarmu ba ya ci. Ya ce kada in faɗa wa kowa, maganar aiki ce. Har ga Allah abin ya tsaya mini a rai, ina ganin mutane suna shuka. Amma ku ban damu da ku ba, na ce ai tare suke da Ɗahiru, tebur ɗaya. Da na ji kun zuba duka, na yi ta salati."

Ya juyo ya dube ni da tausayi. "Ko kai ma aikin ne ya ɗaure maka baki, ɗana?"

Baba ya juyo shi ma.

Me zan ce? In ce na sani na yi shiru, na bar ubana ya kife ƙwarya? Ko in ce wa tsohon nan, da taɓo a ƙafarsa da rabin irinsa a gabanmu, ɗanka ya dube ni ya ce lafiya lau? Na buɗe baki. Na ce, "Bari in kawo muku ruwa, Baba."

Na daɗe a bakin randa.

Asabar, bayan la'asar

Mun yi shuka. Kafin mu fita Baba ya sa aka kawo ƙwarya biyu. Da hannunsa ya raba, ya ɗaure rabi a tsumma, ya miƙa wa Inna, ta shiga da shi ɗaki. Ina tsaye a wurin, ina da tsarin da na gyara, na san ruwan nan ya zauna, zan iya rantsuwa. Bai tambaye ni ba.

Maƙwabta sun leƙo ta kan gamba da suka ji saran sungumi, suka koma kan aikinsu. Ba wanda ya tsaya ya ga ko rabi ne ko duka.

Rabin rabi bai kai ko'ina ba. Mun tsaya a wajen kukar tsakiya, sauran gonar sai abin da na samo a kasuwa.

Lahadi, da yamma, a Kano

Baba ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba ba. Na yi ta jira ya tambaye ni, na shirya amsa, na shirya in faɗa masa komai, ko da zai zama na kai ƙarar abokina wurin ubana kamar yaro. Bai tambaya ba. Ban san abin da ya yanke a ransa ba, ko ya ɗauka na sani, ko ya gane ban sani ba. Ban san wanne ya fi masa sauƙi ba.

Da mota ta tsaya ya riƙe hannuna. Ya ce, "Gobe za ka ga abokin naka?"

Na ce, "Zan gan shi."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa na gode. Ba don shi ba da irin Kaka ya ƙare a hannuna."

Na ce, "To, Baba."

Barira ta goge mini kayan gobe ta rataye. Teburinsa yana kallon nawa. Saƙon Baba ne, ban taɓa riƙe saƙon Baba ban isar ba.